Wanda Ya Shanye Jiƙon Inna

Duk shekara idan watan Yuli ya kama, na san na yi rashin miji sai wata ya kusa ƙarewa. Yana nan a gida, yana cin tuwona, amma hankalinsa yana can kan duwatsun Faransa tare da wasu ramammun Turawa masu tseren keke. Maigidana mutumin Maradi ne, ni Bakanuwa, a nan New York muka haɗu muka yi aure. Muna zaune a Mount Hope, a wani bene da na'urar hawansa ke aiki ran da ta ga dama. Yana da ɗan shago a Harlem, yana sayar da huluna da turare da rigunan waya. Tseren kuwa da hantsin nan ake nuno shi, don haka sai ya jingine waya a jikin kwalbar turare, mai saye na tambayar farashi, shi yana dukan kanta yana ihu da Faransanci, "Allez! Allez!"

Ni dai ban taɓa gane daɗin abin ba. Ƙwallo ko ba komai ana zura ta a raga, ka san an yi wani abu. Wannan kuwa mutane su wuni suna murza feda, ana nuno shanu da gonaki da tsofaffin gine-gine, a ƙarshe wani ya ɗaga hannu a ba shi ɗorawar riga. Idan na faɗa masa haka sai ya dube ni da tausayi.

"Ke ba ki gane ba," in ji shi. "Wanga da kike gani gaba, ba shi za shi ci ba. Iska yake tare ma na bayanshi. Wuni guda yana wahala don wani shi samu suna. Ina kika taɓa ganin haka cikin ƙwallo?"

Na ce na gani a gidan nan, kullum ni ke tare wa wani iska. Bai ko ji ni ba, an shiga hawan dutse.

Akwai wani zakaran tseren da yake so kamar ɗan cikinsa. Hotonsa yana manne a jikin firjinmu shekara da shekaru, har maiƙo ya dusar da shi. Duk wanda ya ce ai mutumin nan ƙwayar ƙara kuzari yake sha, to ya taro faɗa da maigida. Ya ɓata da wani abokinsa ɗan Kumasi a kan haka, sai da limamin masallacinmu ya shiga tsakani. Ashe gaskiya mutane suke faɗa. Ran da asiri ya tonu, ya dawo daga shago, ya ɓamɓare hoton a hankali, ya ninke, ya tura shi ƙasan kwandon shara don kada yara su gani. Wallahi na ji tausayinsa ranar, duk da na so in ce masa ai ga irinta nan. Ya yi shekaru bai kalla ba. Da ya koma kallon kuma, bakinsa ya riga ya yi ɗaci. Da zarar wani ya haye dutse da saurin da ya wuce misali, sai ya yi tsaki ya ce, "Allah kaɗai Ya san abin da ke cikin jinin wanga." Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ana nan sai ciwon ya ɓulla ta wajen ɗanmu na fari. Ya fara ne da kai wa mutane abinci a kan keke bayan ya gama sakandare, kamar yawancin samarin unguwarmu. Kafin mu farga ya tara kuɗi ya sayo wani keke siriri da za ka iya ɗaga shi da yatsa biyu, ya rataye shi a bangon falo inda nake son sa agogo. Daga sallar asuba sai ya fice, ya je babban lambun tsakiyar gari su yi ta zagaye da 'yan ƙungiyarsu. Ya koma auna shinkafa a ma'auni kafin ya ci. Wata rana na tura ƙofar banɗaki na tarar da shi yana aske gashin ƙafa. Na yi salati na fito na gaya wa ubansa, shi kuwa ya washe baki ya ce haka manya suke yi.

Sau ɗaya na ga maigida ya tsare yaron da magana mai nauyi. Muna cin abinci ya ajiye cokali ya ce, "Ka ji ni da kyau. Ka zo na ƙarshe da jininka ya hi mini ka zo na ɗaya da na kwalba. Ran da anka kama ka da wani abu, kada ka ce ni na haihe ka." Yaron ya ce ya ji. Hausa yana jin ta sarai, amma amsarsa rabi da rabi ce, Turancin ya fi yawa. Ya bayyana mana cewa dokar tasu ba ta da ruwa da ban sani ba: duk abin da aka samu a fitsarinka naka ne, ko wa ya ba ka. Shi ya sa ko maganin tari ba ya sha sai ya duba sunansa a waya.

A bazarar da nake ba da labarinta, wata ƙungiya mai biyan albashi ta sa masa ido. Suka ce za su zo su kalle shi a wani tsere da ake yi a Harlem, inda ake rufe titunan da suka kewaye wani lambu a yi ta zagaye. Idan ya yi abin kirki su ɗauke shi. A bazarar ce kuma Inna, mahaifiyar maigida, ta zo daga Maradi a duba mata ido. Tsohuwa ce 'yar ƙarama mai kaifin baki, kuma ina son ta, don ba ta iya ɓoye abin da ke ranta. Maigida shi ne autanta, har yau Auta take ce masa, da furfurarsa da komai.

Tana ganin jikan nata ta tafa hannu. "Wayyo ni! Mi kunka yi ma maigidana? Wanga ai sanda ce anka sa ma wando. Kai, in ba ka yi ƙiba ba na sake ka!"

"Kaka, ni ma ba na son tsohuwa," ya ce da ita, suka yi ta dariya.

Yadda aka yi ta wuce masu binciken filin jirgi da ƙunshin saiwoyi da sassaƙe, wannan tsakaninta da Ubangijinta. Da ta ji labarin tseren sai ta kwance ƙunshin, ta karɓi babbar kwalbar da nake zuba gari, ta jiƙa sassaƙen maɗaci da filasko da tsamiya da jar kanwa da wasu saiwoyin da ni ma ban san su ba. Ta juye rubutun da wani malami ya yi mata can gida. Kullum bayan sallah sai ta buɗe ta yi tofi a ciki. Ta ce wannan shi ake ba 'yan kokawa a garinsu, yana wanke ciki, jiki ya yi sakayau.

Maigida ya zaunar da ita ya yi mata bayani iya iyawarsa. Ya ce akwai likitocin da ke gwada fitsarin masu tsere, kuma babu wanda ya san abin da injinsu zai gani a cikin saiwar daji. Wataƙila babu komai, wataƙila akwai, in kuwa akwai to yaron ya gama tsere ke nan. Inna ta saurare shi har ya kai aya, sannan ta ce, "Wato ni zan ba jikana guba ke nan, Auta?" Ta tashi ta shige ɗaki, ranar ko tuwon dare ba ta taɓa ba. Washegari kwalbar ta ɓace daga kicin, ba ta sake ta da zancen ba. Muka ɗauka magana ta mutu.

Ranar tseren Lahadi ce, rana ta buɗe, muka isa tun da hantsi duk da cewa na su ɗanmu sai wajen la'asar. An jera shingen ƙarfe a bakin titi, ana kiɗa, ana gasa nama, yara na tseren ƙananan kekuna. Maigida ya rufe shago, ya gayyato rabin masallaci. Maƙwabtansa 'yan kasuwa sun zo, har da abokin nan nasa ɗan Kumasi. Muka kafa wa Inna kujerar ninkewa a inuwa, na ba ta ajiyar jakata. Jama'a suka zagaye ta ana gaisawa. A nan, a gaban kowa, ta zura hannu cikin mayafinta ta fito da gorar zamzam ɗinta ta roba wadda ta zo da ita daga Makka, cike taf da baƙin ruwa.

"Auta, ungo wanga ka kai ma maigidana. Shi da abokanshi duka, kowa shi kurɓa, kada a bar ɗan kowa. Ka maido mini gorata."

Mutane suka hau sa albarka. Wani dattijo ya ce kowa ya samu irin wannan kaka ya gode wa Allah. Na dubi maigida, na ga ya yi wuƙi-wuƙi. Tun da nake da shi ban taɓa jin ya musa wa mahaifiyarsa a gaban mutum ɗaya ba, balle a gaban taro. Ya sa hannu biyu ya karɓa. Na bi bayansa.

Mun sami yaron a bayan motar ƙungiyarsu, yana ɗumama jiki a kan keken da aka kafe. Yana ganin gorar ya daina murza feda.

"Baba, no. Ba zan iya ba."

"Ko kai ka yarda ni ban yarda ba," in ji uban. "Ci gaba da abin da kake yi."

Sai muka tsaya cirko-cirko da gora a hannu. Abin da ke ciki ba ruwan banza ba ne, akwai ayoyi a ciki, ba a zubar da shi inda ƙafa ke takawa. Na ce a juye a gindin bishiya, kamar yadda ake yi a gida. Muka juya wajen bishiyar da ke kusa, sai ga wani Bature da karensa, karen ya ɗaga ƙafa yana abin da karnukan New York suke yi wa kowace bishiya. Na ce to a juye a ɗaya daga gorunan ruwan nan na cikin mota, mu tafi da shi gida. Yaron ya ce kada ma mu kusanci gorunansu, wani zai iya ɗauka ya sha cikin rashin sani. Daga inda muke ina hango Inna ta miƙa wuya tana kallon motar. Idon nan da aka ce ba ya gani sosai, ranar ya warke.

Abin da ya rage kawai shi ne a shanye shi. Na ce da maigida, "Kawo in taya ka." Na kurɓa sau ɗaya. Ɗacin ya tsaga ni tun daga harshe har tafin ƙafa, hawaye suka zubo. Na miƙa masa abinsa na ce uwarka ce, ba tawa ba.

Ya tsuguna a bayan motar, ya gyara hularsa, ya yi bismilla. Ya kafa kai, ya sauke ya numfasa, ya sake kafawa. Rabon samari guda-guda har na ƙungiya duka, shi kaɗai ya shanye. Da ya miƙe idanunsa sun yi jajur, gemunsa na rawa. Yaron ya dubi ubansa, sai ya ɗauko ruwa ya miƙa masa da hannu biyu, abin da na yi shekaru ina koya masa bai taɓa yi ba.

Da muka koma Inna ta karɓi gorar ta girgiza ta. "Sun sha?"

"Inna, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba," in ji shi. Ta dube shi ta ɗan jima, sannan ta mayar da gorar cikin mayafi.

Wunin nan maigida ya sha sharafinsa. Aka yi tseren mata, aka yi na dattawa, yana tsaye a jikin shinge yana wa mutanen masallaci tafsiri. Da aka saki su ɗanmu kuwa, sai ya zama wani mutum daban. Ni ma ban zaci abin haka yake ba. A talabijin kamar tafiyar tururuwa, amma a gabanka idan suka taho a dunƙule sai ka ji ƙasa na gurnani, iska ta fizge mayafinka, kafin ka ce ga shi nan sun sha kwana. Mutane na kaɗa ƙararrawa, suna dukan shinge. Maigida yana bin su da gudu a gefen titi da babbar riga, hula ta faɗi bai sani ba, yana "Allez! Allez!" har muryarsa ta dishe. Ɗan Kumasi ya ce da ni da irin maganarsu ta Gana, "Chale, wannan mutumi zai mutu mana a nan!" Rabon da in ga fuskarsa haka, babu tsaki babu zargi, tun kafin ya cire hoton nan daga firji.

Ana cikin haka na ga ya rage gudu. Ya dawo kusa da ni ya riƙe shinge. Zufar da ke goshinsa ba irin ta ɗazu ba ce. Daga inda nake ina jin cikinsa yana ƙugi. Ya daure zagaye ɗaya, ya daure na biyu yana matse ƙafafu. Mai sanarwa ya ce saura kaɗan a gama, ɗanmu kuwa yana cikin 'yan gaba. Maigida ya damƙe hannuna.

"Ki duba mini," ya ce. "Don Allah ki buɗe ido, kada ki ƙyafta. Komi da komi."

Ya fizgi gorar ruwa daga hannun wani, ya nufi banɗakunan robar da aka jera a can ƙarshen titi, yana tafiya irin ta mai ɗauke da ƙwai a aljihu.

To, ni da ban san komai a tsere ba, ni aka bar wa gadi. Na buɗe ido kamar yadda aka ce. Aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe. Suka wuce, yaron yana maƙale a bayan wani dogo mai jar riga. Suka ɓace a bayan bishiyoyi. Da suka ɓullo kwanar ƙarshe duk sun miƙe tsaye a kan feda, kekunan na rangaji dama da hagu, bakuna a buɗe. Na ga yaron ya zame ta gefen shinge, ta wata 'yar kafa da ko kyanwa sai ta yi tunani kafin ta bi. Ɗan fari ne, a al'adarmu ko sunansa ba na kamawa, balle in yabe shi a gaban surukata. Ranar na ƙwala sunan nan da ƙarfin da sai da na tsorata kaina. Inna ta miƙe a kan ƙafafunta ta rangaɗa guɗa a tsakiyar Harlem, Turawa suka juyo suna tafa mata. Na biyu ya zo. Tsakaninsa da mai jar riga bai kai faɗin taya ba.

Bai gama numfashi ba wata mata mai rataye da kati a wuya ta zo ta tsaya kusa da shi, ta ce ya biyo ta. Sai ga maigida ya dawo yana jan ƙafa, fuska ta faɗa, riga a yamutse.

"Mi ya hwaru? Ina shi?"

Na ce na biyu ya zo, kuma an tafi da shi gwajin fitsari. Ina zaton zai yi baƙin cikin abin da ya wuce shi. Sai na ga ya ɗaga hannu sama yana hamdala. Ya juya wajen mutanen masallaci yana cewa, "Kun ji? Za a gwada ɗana! Su gwada! Su kawo injin duniya duka!" Ya je ya tsaya a ƙofar tantin gwajin, hannu ɗaya a kan ciki, yana gaya wa duk wanda ya gifta cewa ɗansa ne a ciki.

Inna ta aika aka kira shi. Ya durƙusa a gabanta. Ta taɓa goshinsa da bayan hannu, ta leƙa idonsa.

"Na mutane nawa ka shanye, Auta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun kana goye ba ka iya ɓoyon ciwon ciki ba," ta ce. Ta juya ta kalli tantin. "Har hitsarin yaro suke bi?" Ya ce har shi. Ta girgiza kai ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe, sannan ta ce da ni idan mun je gida in dama masa kunu mai kauri, kada in sa tsamiya. Daga ranar ba ta sake jiƙa wa jikanta komai ba, tofin dai take yi masa a ka idan zai fita.

Sakamakon gwajin ya fito daga baya fes, ƙungiyar kuma ta ɗauke shi. Yanzu yana yawon garuruwa, ina samun ganinsa a waya, har yanzu bai yi ƙiba ba. Amma ni abin da ya fi zauna mini a rai shi ne komawarmu gida a jirgin ƙasa ran nan. Inna ta yi barci a kafaɗata. Maigida yana gefena, ya lanƙwashe kamar tsohon lauje, hular da wani ya tsinto masa duk sawun takalmi. Ya ce in faɗa masa yadda aka yi. Na faɗa. Ya ce a'a, in fara daga ƙararrawa. Na fara daga ƙararrawa. Ya tambaye ni ta wane gefe yaron ya fita, hannunsa yana saman kan keken ko yana ƙasa, ya waiwaya ko bai waiwaya ba. Abin da na gani na faɗa, wanda ban gani ba na ce ban gani ba. Ya rufe ido yana gyaɗa kai.

Na ce, "Kai dai ka yi asara. Shekara nawa kana kallon 'ya'yan wasu, ran na ɗanka kana cikin banɗakin roba."

Ya buɗe ido, na ga sun ciko. "Waɗancan duka na gan su da idona, amma ban san mi sunka sha ba," ya ce. "Wanga na san abin da bai sha ba, don ga shi nan cikin cikina." Ya share fuska da hannun riga. "Sake hwaɗa mini daga kwanar ƙarshe."

Na gyara wa Inna mayafi, na sake farawa daga kwanar ƙarshe.